Wane ne Abdullah Ibrahim, kuma me ya sa fiyanonsa ke nanata abu ɗaya?

Wani ɗan'uwa da ke buga fiyano a situdiyo ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ci karo da wani kiɗa mai suna Mannenberg, ya ga sunan mai shi Abdullah Ibrahim, har ya zaci ɗan Arewa ne ko Balarabe. Da ya saurara sai ya ji abu guda ake ta juyawa fiye da minti 10. Shi ne yake son ya san wane ne mutumin, me ya sa ake lissafa shi cikin manyan makaɗan jaz alhali kiɗan nasa kamar ba shi da wuya, kuma ta ina ya kamata mutum ya fara sauraronsa.

Malam, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na daɗe ina koyar da fiyano, kuma babu makaɗin da nake yawan kunna wa ɗalibai kamar wannan dattijon, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Mutumin Afirka ta Kudu ne, an haife shi a birnin Cape Town ranar 9 ga Oktoba, 1934. Sunan da aka raɗa masa Adolph Johannes Brand, duniya kuma ta fara saninsa da laƙabin Dollar Brand. Sai a 1968 ya musulunta ya zama Abdullah Ibrahim. Shi ya sa za ka ga tsofaffin faya-fayansa wasu da wancan suna, wasu da wannan, wasu ma duka biyun a bango ɗaya.

Kafin mu yi nisa bari mu daidaita a kan kalmar fiyano, domin abin da muke kira fiyano a situdiyo da abin da shi yake bugawa sun sha bamban. Namu na lantarki ne, kana danna wuri ɗaya ganga ta tashi, ka danna wani sarewa ta shigo, injin ne kuma yake riƙe maka lokaci. Nasa akwati ne na katako mai maɓallai 88, kowane maɓalli in ka danna shi sai wata 'yar guduma mai kan ulu ta doki tsarkiyar ƙarfe a ciki. Babu ganga, babu injin lokaci. Ƙarfin sauti da laushinsa daga nauyin yatsanka suke fitowa, lokacin kuma a jikinka yake. Ka riƙe maganar gudumar nan, za mu dawo kanta idan mun iso Mannenberg.

A gida ya sami fiyano. Kakarsa ce ke buga wa cocinsu, cocin African Methodist Episcopal, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka kafa kuma ya yi rassa a Afirka ta Kudu, mahaifiyarsa kuma tana cikin harkar mawaƙan cocin. Yana ɗan shekara 7 aka fara koya masa, yana 15 ya fara kiɗa a biya shi. Waƙoƙin cocin nan masu tafiya a hankali, kowane sauti ya zauna daram kafin na gaba ya zo, ba su taɓa barin yatsunsa ba har tsufansa. Amma Cape Town gari ne na bakin teku, kuma yaron da ya tashi a cikinsa ba abu ɗaya yake ji ba. Turawan Holan sun kwaso bayi da fursunonin siyasa daga tsibiran Indonesiya, daga Indiya, Madagaska da Mozambik, suka zube su a nan. Zuriyarsu da yawa Musulmi ne, don haka kiran salla na tashi a unguwannin Bo-Kaap da District Six kusa da ƙararrawar coci. Akwai gangar goema da ake kaɗawa a bikin 2 ga Janairu, lokacin da ƙungiyoyi ke cika titi da rawa. Ga kuma matuƙan jiragen ruwa na Amurka da ke sauka a tasha da faya-fayan garmaho na jaz. Labarin da aka fi bayarwa game da laƙabinsa shi ne yawan zuwansa wurin matuƙan nan sayen faifai ne ya sa abokai suka liƙa masa Dollar.

Sai marabi, wanda shi ne rabin amsar tambayarka. Kiɗa ne da ya taso a shekarun 1920 da 1930 a unguwannin talakawa na Johannesburg, a gidajen shan giya na ɓoye, inda mutum ɗaya zai zauna gaban tsohon fiyano ko ogan ya kwana yana bugawa. Gininsa kod uku ne kawai, wato gungun sautukan da ake dannawa lokaci guda, ana zagaya su ana dawowa, ana zagayawa ana dawowa har asuba. Masu boko na lokacin sun raina shi, suna ganinsa kiɗan 'yan tasha. Kunnen Bahaushe kuwa bai kamata ya yi baƙunta a nan ba. Ka tuna mai gurmi ko mai kukuma: 'yar gajeriyar jimla ce yake ta maimaitawa, 'yan amshi na riƙe da baiti guda, shi kuma mawaƙin yana hawa yana sauka a kai yadda ya ga dama. Ba wanda ke cewa amshi ya gundure shi, domin kowa ya san amshin ne turken da aka ɗaure waƙar. A wurin Abdullah Ibrahim hannun hagu shi ne ɗan amshi, hannun dama shi ne mawaƙi.

A 1959 ya haɗu da wasu samari suka kafa ƙungiyar Jazz Epistles: Kippie Moeketsi a saksofon, Hugh Masekela a ƙaho, Jonas Gwangwa a turombon, Johnny Gertze a bas, Makaya Ntshoko a ganga. Kippie ne babba a cikinsu, kuma Abdullah bai taɓa ɓoye cewa ya koyi abu mai yawa a hannunsa ba. A Janairun 1960 suka ɗauki faifan Jazz Epistle Verse One, wanda ake ɗauka a matsayin cikakken faifan jaz na farko da baƙaƙen fatar ƙasar suka yi. Kwafi 500 kacal aka buga. Wata biyu bayan haka, ranar 21 ga Maris, 'yan sanda suka buɗe wuta a Sharpeville kan masu zanga-zangar ƙin takardar izinin zirga-zirga da aka tilasta wa baƙar fata, suka kashe mutum 69. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka haramta jam'iyyar ANC, taruwar jama'a ta zama abin tsoro, wuraren da fari da baƙi ke haɗuwa su ji kiɗa suka yi ta rufewa. Ƙungiyar da ba ta cika shekara da tashe ba ta watse. Masekela ya fita a shekarar, Gwangwa da Kippie suka bi 'yan wasan kwaikwayon waƙa mai suna King Kong zuwa Landan a 1961. A 1962 shi ma Abdullah ya tattara ya tafi Zurich ta ƙasar Suwizalan tare da mawaƙiya Sathima Bea Benjamin, Gertze da Ntshoko suka same su a can, suka sami wurin kiɗa a wani kulob mai suna Africana.

Abin da ya faru a Fabrairun 1963 shi ne ya buɗe masa ƙofar duniya, kuma Sathima ce sila. Duke Ellington, wanda a lokacin babu sunan da ya fi nasa girma a jaz, ya zo Zurich yin wasa. Sathima ta je ta same shi bayan wasan, ta roƙe shi ya zo ya ji samarin nan uku daga Cape Town. Ya zo, ya ji, cikin 'yan kwanaki ya kai su Paris aka ɗauki faifan Duke Ellington Presents the Dollar Brand Trio, wanda kamfanin Reprise na Frank Sinatra ya fitar. A zaman nan na Paris ita ma Sathima an ɗauki waƙoƙinta, Ellington da abokin aikinsa Billy Strayhorn har suka buga mata fiyano, amma nata faifan bai ga rana ba sai a 1997, da sunan A Morning in Paris. Shekara 34 ke nan.

Sun yi aure a Landan a 1965, suka wuce New York, ya yi wasa a bikin jaz na Newport a shekarar. A 1966 Ellington ya bar masa kujerarsa ya jagoranci babbar ƙungiyarsa a wasanni biyar. Ya yi watanni yana bugawa da Elvin Jones, mai gangar John Coltrane. A 1967 ya sami tallafin gidauniyar Rockefeller ya yi karatu a hannun Hall Overton, malamin makarantar Juilliard wanda ya taɓa tsara wa shahararren mai fiyano Thelonious Monk kiɗan babbar ƙungiya. Ya yi cuɗanya da su Don Cherry, Ornette Coleman da Archie Shepp, mutanen da a lokacin suke rushe duk wata ƙa'idar da aka sani a jaz.

A nan nake so ka tsaya, Malam, domin ga ɗaya rabin amsarka. Mutumin da ka ji yana juya kod uku a Mannenberg ya riga ya ratsa wancan dajin. Ka nemi abubuwan da ya ɗauka a tsakiyar shekarun 1960, za ka ji yatsu na gudu, sautuka na karo da juna da gangan, wani lokaci kamar ana zubar da kwanuka daga saman bene. Daga Monk ya ɗauko dukan maɓalli kamar ganga da barin gurbi a inda kunne ke jiran sauti. Daga Ellington ya ɗauko nauyin hannun hagu da iya cika ɗaki da kod guda. Ya iya duk wannan, ya nuna ya iya, sannan ya zaɓi ya rage. Wanda bai da komai a rumbu da wanda ya cika rumbu ya ɗebo mudu ɗaya ya kawo maka, a ido mudun ɗaya ne, amma mai kunne yana jin bambanci a yadda aka ajiye kowane sauti.

Rayuwar New York ta gajiyar da shi, ga giya da ta cinye makaɗa da yawa na zamaninsa. Ya bar sha, ya bar taba, ya kama horon jiki irin na Japanawa wanda ya riƙe har tsufa. A 1968 ya koma Cape Town ya karɓi Musulunci, a 1970 ya sauke farali. Hukuncin kiɗa fagen malamai ne, kuma ba shi ka tambaye ni ba. Abin da zan iya gaya maka a matsayin mai koyar da fiyano shi ne daga wannan lokacin kiɗansa ya canza numfashi.

Faifan da nake fara kunna wa kowa shi ne African Piano, wanda aka ɗauka a Oktoban 1969 a kulob ɗin Montmartre na birnin Copenhagen, shi kaɗai da fiyano. Kana jin motsin mutane da ƙarar kwanuka a bayansa. Kiɗan farko, Bra Joe from Kilimanjaro, hannun hagu ne ke buɗe shi can ƙasa, da 'yar jimla gajera mai duhu. Ta zagayo, ta sake zagayowa. Hannun dama ya shigo a hankali kamar mai sallama a ƙofar gida, ya faɗi kalma biyu ya yi shiru. Can sai ya fara zafi, ya hau sama, ya watse, ya yi kamar zai ƙwace ya bar gari, amma hagun nan ko gezau, tana nan inda aka bar ta. Ka gwada da kanka ka gani: hannu ɗaya ya riƙe abu guda minti 10 ba ya sauri ba ya lafawa, ɗayan kuma yana yawo ba tare da bin lokacinsa ba. Kamar mutum biyu ne a jiki ɗaya. Kuma ba ya tsayawa tsakanin kiɗa da kiɗa, yana fita daga wannan ya zarce cikin wancan, cikinsu har da wanda ya sa wa sunan Kippie. Wannan ɗabi'ar ta zarcewa ba tare da jiran tafi ba ta zama alamarsa a duk wasan da yake yi shi kaɗai.

Addininsa a fili yake a aikinsa. A faifan Good News from Africa na 1973, wanda ya yi da mai bas Johnny Dyani, ɗan ƙasarsu da shi ma ke gudun hijira, akwai wurin da ya yi kiran salla da muryarsa. A Echoes from Africa na 1979, su biyun dai, akwai wanda ya kira Zikr. Wanda ya taɓa zama a da'irar zikiri ya san abin da maimaita kalma guda ke yi wa zuciya: ba ta tsufa, nutsewa take yi. Ni a ganina marabin gidan giya, waƙar cocin kakarsa da zikirin da ya tarar a Musulunci sun haɗu a hannunsa na hagu ne saboda dukkansu a kan zagayowa aka gina su. Akwai kuma kiɗansa Tuang Guru, don tunawa da Imam Abdullah ibn Qadi Abdus Salaam, malami ɗan sarautar Tidore a Indonesiya wanda Turawan Holan suka kawo Cape a 1780 suka tsare a tsibirin Robben fiye da shekara 10. A tsare ya rubuta Alƙur'ani da ka, da ya fito kuma ya buɗe makaranta, ya zama limamin masallacin Auwal da aka kafa a Bo-Kaap a 1794, masallaci na farko a ƙasar. Tsibirin nan dai shi ne aka kai Nelson Mandela bayan kusan shekara 200.

To, mu zo kan Mannenberg. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana District Six a matsayin unguwar farar fata zalla. A shekarun da suka biyo baya aka rushe gidaje, aka kwashe mutum kusan 60,000 aka watsa su a fegin rairayi da ke bayan gari, wurin da ake kira Cape Flats. Ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da aka zuba su ita ce Manenberg, wadda kiɗan ya ɗauki sunanta. A Yunin 1974 Abdullah ya shiga situdiyo a Cape Town da wasu makaɗan garin: Basil Coetzee da Robbie Jansen da Morris Goldberg a saksofon, Paul Michaels a bas, Monty Weber a ganga. Wanda ya ɗauki nauyin aikin Rashid Vally ne, mai shagon faya-fayai na Kohinoor a Johannesburg. A situdiyon akwai babban fiyano, akwai kuma wani ƙarami na jingine da bango wanda aka soka wa gudumominsa ƙananan ƙusoshi masu faɗin kai, irin waɗanda ake manna takarda a allo da su. Ka tuna gudumar da na ce ka riƙe? In ƙarfe ya doki ƙarfe maimakon ulu, sautin sai ya fito siriri, yana ƙyal-ƙyal kamar tsohon fiyanon gidan marabi. Abdullah ya bar babban ya zauna gaban wannan, ya fara juya jimlar, sauran suka shigo, aka ɗauka.

Wannan ƙarar da ka ji kamar ta tsohon kaya, da gangan aka zaɓe ta. Makaɗin da Ellington ya ɗaga, wanda ya zauna a New York, ya dawo gida ya ɗauki kiɗan da ake rainawa ya ce wa mutanensa ga naku. Shi kansa Basil Coetzee a District Six aka haife shi, kuma yana cikin waɗanda aka kwashe zuwa Manenberg, shi ya sa in saksofon ɗinsa ya shigo za ka ji murna da kuka a haɗe, ba ka iya raba su. Daga baya sunan unguwar ya zama laƙabinsa. Vally ya kunna kiɗan a lasifika a ƙofar shagonsa tun kafin faifan ya fito, mutane suka yi ta tsayawa suna tambayar na wane ne. Babu waƙa a cikinsa in ka cire 'yan kalmomin da ake furtawa can kusa da ƙarshe, don haka masu tace waƙoƙi na gwamnati ba su da baitin da za su kama. A shekarun 1980, lokacin da UDF, ƙawancen masu adawa da wariyar launin fata, ke haɗa gangami a unguwanni, Coetzee da Jansen suka riƙa busa shi a tarurruka, har ya zama kamar taken gwagwarmaya wanda ba wanda ya rubuta masa kalma. A titin Bloem na Cape Town, inda situdiyon yake, an kafa bututun ƙarfe bakwai a jere, in ka bi su da sanda kana doka sai su fitar da farkon kiɗan.

Adalci ya sa in faɗa maka cewa akwai masu ganin jimlar Mannenberg ta yi kama sosai da Jackpot na Zacks Nkosi, wanda ya riga shi. Marabi rijiya ce ta gari, makaɗa da yawa sun ɗebi ruwa a cikinta, kuma sunayen mafi yawansu ba su kai bangon faifai ba. Kippie Moeketsi da kansa ya rasu a 1983 cikin talauci. In ka so Abdullah Ibrahim, ka nemi waɗannan ma.

Bayan boren ɗaliban Soweto a Yunin 1976 ya fito fili ya goyi bayan ANC, wanda a lokacin laifi ne babba, ya kwashi iyalinsa suka koma New York. A shekarar aka haifi 'yarsa Tsidi, wadda masu jin hip-hop suka sani da Jean Grae. Wannan hijirar ta biyu ta ɗauki kusan shekara 14. A cikinta ya yi faifai da mai ganga Max Roach a 1977, a 1983 kuma ya kafa ƙungiyar mutum bakwai ya sa mata suna Ekaya, ma'ana gida. Faifansu Water from an Ancient Well, wanda aka ɗauka a 1985, shi ne wanda zan ba wanda bai taɓa jin jaz ba. A cikinsa Tuang Guru yake, da Mandela, da Song for Sathima, da The Wedding.

The Wedding ɗin nan akwai abin da na gani da shi a ɗakin da nake koyarwa. Wani ɗalibina, yaro mai saurin yatsa ƙwarai, wanda zai ji waƙa sau ɗaya ya fitar maka da ita, ya saurare shi ya ce wannan ai a zama ɗaya zai gama da shi. Gaskiyarsa, cikin rabin sa'a ya samo kod ɗin duka. Na ce ya buga mini. Ya buga daidai, ba kuskure ko ɗaya, amma kafin sautin farko ya gama mutuwa a cikin akwatin ya riga ya danna na biyu, kuma duk inda aka bar gurbi sai ya cusa 'yan kwalliya don kada wurin ya zauna fayau. Na ce ya sake, wannan karon kada ya ɗaga yatsa sai ya ja numfashi ya sauke. Na ga kafaɗunsa sun ɗaure, ƙafarsa na rawa a ƙasa, gumi ya tsattsafo masa a goshi a kan kiɗan da ba shi da gudu ko kaɗan. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga kai ya ce, “Malam, jiran ne ke da wuya.” Wata uku muka yi a kan kiɗan nan.

Ba zan wuce ban ƙara magana a kan Sathima ba, domin ana yawan ambatonta a layi ɗaya a wuce. Mawaƙiya ce ta gaske mai murya siririya wadda ba ta gaggawa. Shekaru da yawa ta ajiye nata aikin tana kula da yara da harkokin mijinta, sannan ta kafa kamfanin faifai na Ekapa a 1979 ta riƙa fitar da nata da kanta. Ta rasu a Cape Town a 2013.

Ya yi wa fina-finai kiɗa, kuma a nan ne aikinsa ya matso kusa da mu. Fim ɗin Chocolat na Claire Denis, na 1988, labarinsa a garin Mindif yake, kusa da Marwa a arewacin Kamaru, kuma faifan kiɗan fim ɗin ma Mindif ya sa masa suna. Shi ne kuma ya yi kiɗan Tilaï na Idrissa Ouédraogo ɗan Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Grand Prix a bikin fina-finai na Cannes a 1990.

A 1990 ɗin aka saki Mandela, shi kuma ya koma gida. Ya yi wasa a bikin rantsar da Mandela a 1994, ya buɗe makarantar kiɗa ta M7 a Cape Town a 1999, ƙasarsa ta ba shi lambar Ikhamanga a 2009, Amurka ta ba shi lambar NEA Jazz Master a 2019. Daga baya zamansa ya fi yawa a kudancin Jamus.

Ba duk abin da ya yi nake so daidai ba. A ƙarshen shekarun 1990 an tsara kiɗansa don manyan ƙungiyoyin goge irin na Turai, kamar a African Suite. An yi aikin da kyau, amma a kunnena gogen ya shafe kaushin da ke sa kiɗan ya tsaya da ƙafarsa, ya zama kamar tuwon da aka cika wa ruwa. Kuma gaskiya ne yana yawan komawa kan tsofaffin kiɗansa, har mai saye zai iya samun abu ɗaya a faifai biyar ko shida. Wannan na biyun na daina ganinsa aibi tun da na jera su na saurara ɗaya bayan ɗaya. Kowane komawa sai ya sauke wani abu. Ka kwatanta African Piano na 1969 da Solotude, wanda ya ɗauka a 2020 lokacin kullen korona, a wani zaure a Bavaria babu ɗan kallo ko ɗaya, yana da shekara 86. Hannun hagun da ke ruri kamar hadari ya koma taɓa sauti ɗaya ko biyu. Jimlar da a da zai yi minti 10 a kanta yanzu sai ya faɗi rabinta ya bar ka ka ƙarasa a zuciyarka. A 2024, shekarar da ya cika 90, ya fitar da faifai mai suna 3 tare da Cleave Guyton a sarewa da Noah Jackson a bas, babu ganga sam.

Game da ta inda za ka fara, tunda kai mai bugawa ne, ka fara da Water from an Ancient Well don kunnenka ya saba da launinsa, sannan African Piano, kai kaɗai, da dare, ka ajiye waya. Solotude ka bar shi sai ƙarshe, domin sai ka san jimlolin kafin ka gane abin da ya cire. Tsakanin haka ka yi wannan a fiyanonka na situdiyo: ka kashe gangar inji, ka zaɓi sautin fiyano zalla, ka ɗauki kod uku da hannun hagu ka yi ta zagaya su minti 5 ba tare da ka taɓa komai da dama ba. Ka ɗauki kanka a waya, ka saurara, ka ga a minti na nawa ka fara sauri. In ka yi mako guda kana haka, ka koma ka kunna Mannenberg, wannan karon ka bar saksofon, ka bi fiyanon da gangar Monty Weber kawai daga farko har ƙarshe, sannan ka rubuto mini abin da ka ji.